Jan Datun Sabon Birni: Ina Man Ya Shiga?

Ga kacici-kacici, amma da sharaɗi: kada ka leƙa ƙarshen labari. Ja ne, ba a yanka masa tumatir ba. Yana da tsami, ba a matse masa lemo ba. Yana da zaƙi, ba a taɓa sukari ba. An zuba masa man gyaɗa, akwai shaida, amma ka juya kwanon yadda ka ga dama, ba za ka ga ɗigon mai ko ɗaya yana yawo a kai ba. Mene ne?

Kada ka yi saurin ba ni gari. Sunan abin ba wuya: kwaɗo ne, wanda mutanen Sakkwato da Gobir ke kira datu. Wuyar tana ga abin da aka sa a ciki, da kuma inda man ya shiga. Zo mu bi sawu tare, ni da kai. Sai dai ka sani tun yanzu, wanda muke nema yana cikin waɗanda za mu wuce ta gabansu ba mu ko kalle su ba.

Sabon Birni garin Gobirawa ne a bakin gulbin Rima, dab da iyakar Nijar. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa sun watsu, wasu suka zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wasu suka gangaro suka kafa wannan birnin. Isa tana kudu da shi, a ƙasar da gulaben Bunsuru da Gagare ke ratsawa kafin su zama Rima. Arzikin wurin yana cikin fadama. Da rani lambuna na cika da albasa, tattasai, tumatir, latas, kabeji da karas, duk da cewa a shekarun nan rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu. Idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, baki ba ya son tuwo da rana. Datu yake so.

Datun da kowa ya sani ba shi da ɓoyo. Zogale dafaffe, ko rama, ko tafasa, a barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli, a yanka albasa da tumatir, a sa tonka, wato barkono, da gishiri, a kwarara mai a kai, a cakuɗa. Launinsa ƙasa-ƙasa ne. Man yana sheƙi a kan ganye, yana taruwa a gindin kwano, yana bin yatsu. Wanda aka ajiye a gabana a gidan wani abokina a Sabon Birni ba haka yake ba. Latas ne da zogale da albasa, kowane ganye ya sha wani jan haɗi mai kauri da ya manne masa bai zube ba. Loma ta farko tsami ya fara zuwa, zaƙi ya biyo shi a hankali, ƙanshin gyaɗa ya rufe. Na duba yatsuna, babu maiƙo. Na karkata kwanon, babu abin da ya gangaro.

Mai wannan aiki ƙanwar mahaifin abokina ce, kowa a gidan Gwaggo yake ce mata. Na shiga na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, don Allah me aka sa a datun nan?" Ta dube ni ta yi murmushi. "Ci abinka, ɗana. Abin da kake biɗa duk shina gabanka. Mai son sani shi buɗe ido." Daga nan ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

To, mu buɗe ido. Mu fara da jan.

Masu ja a madafin Bahaushe uku ne da kowa zai fara kamawa: tumatir, tattasai da manja. Na ɗiga haɗin a kan farar takarda na bar shi ya sha iska. Duk wanda ya taɓa leƙa tukunyar miyar dage-dage ya san jan tumatir da na tattasai mai suke bi, shi ya sa man da ke tasowa a saman miya yake ja. Manja kuwa shi kansa mai ne. Da ɗayansu ne, da zoben man da zai fito a takarda ya zama ja mai ɗaukar ruwan lemo. Abin da na gani dabam ne. Tsakiyar tabon ja ce mai karkata zuwa shunayya. A gefenta wani siririn zoben mai ya fito, fari tas, ba launi. Wato jan nan a ruwa yake zaune, bai san mai ba. Mutum uku sun fita daga zargi lokaci ɗaya. Takardar ta kuma tabbatar da wani abu: man yana ciki. Ɓoye shi aka yi.

Mu koma ga tsamin. Lemun tsami ba ya iya ɓuya, ƙanshin ɓawonsa yana riga shi isa hanci, kuma a nan babu shi. Tsamiya? Ita ce uwar tsami a ƙasar Hausa, daga kunu har tuwo, amma ruwanta ƙasa-ƙasa ne, da ita ce da ta dusashe jan. Ruwan tsamin gasara? Wannan yana da warin abin da ya kwana, wanda duk mai shan koko ya sani. Na sansana, na sake sansanawa, babu. Nono? Zai farar da haɗin. Na lissafa duk masu tsami da na sani, kowa ya kawo hujjarsa ya tafi. Kwanon yana nan, yana kallona.

A nan ne 'yar yayan abokina, wadda ke karatu a Sakkwato, ta kawo wani zargi da ya girgiza binciken. "Kawu, ni na san wannan," in ji ta, ta miƙo mini waya. Wani haɗin salak ne da Turawa ke yi lokacin zafi: a markaɗa sitiroberi, a zuba ruwan khal na balsamik, da man zaitun, da ɗan zuma, da mastad, da gishiri, a kaɗa. Ja ne. Yana da tsami da zaƙi. Yana manne wa ganye. Ta ce akwai ɗan Gwaggo da ke aiki a Abuja, wa ya sani ko shi ke aiko mata da kwalabe?

Zargin ba na wasa ba ne, don haka na ba shi haƙƙinsa. Balsamik na asali a Modena da Rejiyo Emiliya ake yin sa, a arewacin Italiya. Ana dafa ruwan inabi har ya yi kauri, a zuba a gangunan katako, a riƙa juye shi daga babba zuwa ƙarama, aƙalla shekara 12, wani har 25. A 'yar kwalba mai mililita 100 ake sayar da shi, da tsada mai yawa. Akwai na kasuwa mai sauƙin kuɗi, wanda ake samu a manyan kantunan Abuja da Kano. Amma dukansu launinsu ya doshi baƙi. Sitiroberi kuwa ana noma shi a Nijeriya, a tudun Jos, musamman ƙauyen Chaha, inda sanyi ke ba shi dama. Ashe ba abin da ba zai yiwu ba ne. Sai zuciyata ta fara cewa ko yarinyar nan ta riga mu.

Wani malamin kimiyya ɗan Isa, aminin gidan, ya tarar da mu a zaure muna ta musu. Ya saurara, ya ce, "A kawo kanwa." Aka jiƙa 'yar kanwa a kofi. Ya ɗebi haɗin kaɗan, ya tsinka shi da ruwa a farin faranti, ya ɗiga ruwan kanwar. Muka sunkuya. Jan ya yi duhu. Ya koma shuɗi-shuɗi. Ya doshi kore.

Malam ya yi bayani a taƙaice. Akwai wani jinsin launi a cikin wasu furanni da 'ya'yan itace, masana na kiransa antosayanin. A cikin tsami ja ne, idan ya haɗu da abu irin kanwa ko toka sai ya juye. Jan tumatir ba ya haka. "To, Malam, sitiroberi fa?" in ji yarinyar. Ya ce, "Shi ma yana da shi." Ta tafa hannu. Ni kuwa gabana ya faɗi, don gwajin da na sa ran zai kori baƙon ya ƙara masa ƙarfi ne.

Abin da ya kore shi rana ce da hanya. Sitiroberi ɗan sanyi ne, kakarsa a Jos lokacin hunturu take, kuma idan an tsinke shi ba ya jure zafi. Ka ɗauko shi daga Jos, ka ratsa Kaduna da Zamfara a bayan mota, ka iso gabashin Sakkwato a tsakiyar bazara, ba a firji ba, abin da za ka sauke ba ya shiga kwano. Kuma Gwaggo, in ji mutanen gidan, tana wannan datu tun kafin a haifi ɗan nata na Abuja. Baƙo ya fita. Amma ya bar mana alama mai daraja: muna neman abu ɗaya mai ja da tsami a tare, wanda kanwa ke juya wa launi, wanda kuma ake samu a Gobir ko da wane wata.

Na samu jikar Gwaggo, 'yar kimanin shekara goma, wadda ita ake aike. Na ce, "Gaya mini gaskiya, ana sa sure?" Sure shi ne ganyen yakuwa, mai tsamin miya. Ta girgiza kai. "Ko ganye guda ba a sawa." Sai dariya ta kubce mata, ta toshe baki. "Amma ɗiyanta…" Ta ruga da gudu.

Ɗiyanta. Ba ganyen ba. Abin da ke fitowa a jikin karan bayan fure ya faɗi. Soɓorodo!

Zoɓon da muke sha da azumi, wanda ake ƙullawa a leda a tashar mota. Shuka ɗaya ce ke ba mu sure a miya, da soɓorodo a kofi, da gurguzun da ake daddawar batso da shi. Ana girbe shi da kaka, a shanya, ya shekara a buhu bai lalace ba. Ja ne, mai tsami ne, kuma matan da ke dafa shi sun san kanwa na baƙanta shi. Misirawa da Sudaniyawa na shan sa, Sanagal ma haka, kuma daga kasuwanni irin Maigatari ta Jigawa ake tara shi a kai har Meziko. Yana rataye a kowane madafi, ni kuwa ina can ina neman kwalbar Italiya.

Ka ce an gama? Ni ma haka na ce. Na sa aka jiƙa soɓorodo, aka tace, aka zuba a kan latas da ƙuli da mai, yadda aka saba. Jan ya fito. Sauran kuwa ba a magana. Tsamin ya kama muƙamuƙi, babu zaƙi ko kaɗan. Ruwan ya tsere ƙasa ya bar ganye tsirara. Man ya taso ya yi idanu a kai, manya-manya. Gwaggo ta wuce, ta leƙa, ta ce, "Ka samu ƙofa, ɗana. Saura ɗaki." Ashe kashi ɗaya cikin uku muka warware.

Zaƙin bai wahalar da ni sosai ba, amma ya koya mini abu. Na zargi zuma, sai dai zuma tana da ƙanshinta. Na zargi mazarƙwaila, ita kuma tana da ɗanɗanon raken da ya sha wuta. Bayan sallar isha'i na lura da wata 'yar tukunyar ƙasa a gefen murhu, a kan garwashin da ya rage daga tuwon dare. Ba ta tafasa, tana dai motsi a hankali. Da safe an sauke ta. A kusa da ita, a cikin marfin kwano, ga ƙwallayen dabino.

Ga yadda abin yake. Gwaggo tana jiƙa soɓorodo tare da busasshen dabino, irin wanda ke gangarowa daga Agadas, ta ɗora a garwashi ya yi ta ƙonewa sannu a hankali har ruwan ya ragu ƙwarai. Dabinon ya narke, ya ba da zaƙi da kauri. Kaifin tsamin ya kwanta. Ta tace da rariya, ta matse. Abin da ke fita ja ne mai duhu, yana bin bayan cokali. Tukunyar ƙasa take amfani da ita don ƙarfe na dusashe jan, ya kuma bar ɗanɗanonsa a cikin abu mai tsami. Ka lura da wannan: mutanen Modena ma da dafa ruwan 'ya'yan itace a wuta marar ƙarfi suke fara nasu. Aikin da sitiroberi da balsamik da zuma ke haɗuwa su yi a wancan kwanon, soɓorodo da dabino da garwashi sun yi shi a wannan.

Ja ya samu. Tsami ya samu. Zaƙi ya samu. Saura tambayar da ta fi kowace: ina man ya shiga?

Mai da ruwa ba sa zama wuri ɗaya, wannan ko yaro ya sani. Ka kaɗa su da ƙarfi, su yi kamar sun shirya, ka juya baya su rabu. Amma kwanon Gwaggo ya zauna daga azahar har magariba, man bai taso ba. Dole akwai wanda ke riƙe da shi.

Ƙwai? Gwaiduwar ƙwai ce ke riƙe mai a cikin mayonis irin su Bama, gaskiya ne. Amma ɗanyen ƙwai a wannan zafi ba abin da mai hankali zai ajiye ba ne, kuma jikar ta rantse ba a taɓa aiken ta sayen ƙwai don datu ba. Kuɓewa ko karkashi? Yauƙinsu zai iya riƙe mai, amma da an ɗaga loma da an ga zare. Babu zare. Ƙaro? A nan na tsaya, don ƙaro gwani ne a wannan fanni. Kamfanonin lemon kwalba na duniya na sayen sa daga Sudan da Chadi da Nijeriya don ya riƙe man ƙanshi a cikin ruwa. A dajin Gobir akwai itatuwansa. Na tabbata na kama ɓarawo. Na tambayi Gwaggo kai tsaye. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ƙaro na tawadar almajirai da gyaran hula. Mi ya kai shi datuna?"

Na zauna na sake lissafi. Soɓorodo. Dabino. Gishiri. Tonka. Albasa. Mai. Ƙuli-ƙuli. Babu na takwas.

Ƙuli-ƙuli fa? Tun farko na sallame shi, kuma da hujja mai ƙarfi. Duk wanda ya ga yadda ake yin sa ya san shi ne abin da ya rabu da mai. A soya gyaɗa, a murje, a niƙa, a zuba a turmi, a riƙa ɗiga ruwan zafi ana juyawa, har mai ya fito ya kwanta a sama. A kwashe man, a matse tunkuzar, a murza ta a soya. Ruwa ya shigo, mai ya fita: tarihinsa ke nan. Wanda aka san shi da sakin mai in ya ga ruwa, ta yaya zai zama mai riƙe mai a cikin ruwa? Ga shi kuma a gwajina na sa ƙuli, man ya taso. Shaida biyu. Ba shi ba ne.

Ba shi ba ne?

Washegari da hantsi Gwaggo ta aiko a kira ni. Ta nuna mini kujera 'yar tsugunno. "Zamna nan. Kak ka yi magana."

Ta ɗauko ƙuli. Ta daka. Ta tankaɗe. Ta mayar da tsakin turmi, ta sake dakawa, ta sake tankaɗewa, har ya zama gari mai laushin da ba ka jin sa tsakanin yatsu. Ban ga ganye ba. Ban ga mai ba. Ta zuba garin a ƙwarya. Ta ɗauko jan ruwan nan, da ɗuminsa, ta zuba a kai. Ta juya. Garin ya fara cuɗewa, ya yi tauri, ta ƙara ruwan, ya saki, ya koma kamar kunu mai kauri. Ta sa gishiri da tonka. Ta rufe da faifai. Ta tafi ta wanke latas.

Na ƙura wa ƙwaryar ido. Shiru.

Ta dawo. Ta buɗe. Garin ya sha ruwa ya kumbura. Sai yanzu ta ɗauko kwalbar mai, ta miƙa wa jikar. Ita kuma ta kama maburgi tsakanin tafukanta. "Ɗiga," ta ce. Ɗigo ya sauka. Maburgi ya juya. Ɗigon ya ɓace. "Ƙara." Wani ya sauka. Ya ɓace. Ɗigo ya zama siririn zare. Zaren yana sauka, yana ɓacewa. Jan ya fara haske, ya yi sheƙi, ya ƙara kauri. Kwalbar ta ragu a idona. A cikin ƙwaryar babu idon mai ko ɗaya.

Ƙulin ne. Shi ne tun farko.

Bari mu tsaya a nan, don wurin ya cancanci tsayawa. Ƙwayar gyaɗa kusan rabinta mai ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma furotin. Idan aka fitar da mai, furotin ɗin ne ke rinjaye a abin da ya rage. Shi kuwa furotin yana da hali biyu a jiki ɗaya: wani sashensa na son ruwa, wani na son mai. Idan maburgi ya farfasa mai ya zama ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, furotin da ƙananan ƙwayoyin garin sai su kewaye kowane ɗigo, su shiga tsakaninsa da ɗan'uwansa, kamar yadda mai sayar da ƙwan zabi ke zuba ƙaiƙayi a tsakanin ƙwai don kada su haɗu. Ɗigon da bai haɗu da wani ba, ba ya girma. Wanda bai girma ba, ba ya saurin tasowa. Kaurin da dabino ya bayar yana ƙara hana su motsi. Man bai je ko'ina ba, an raba shi ne an tsare kowane yanki a wurinsa. Shi ya sa harshe ke jin daɗinsa, yatsa ba ya jin maiƙonsa.

To hujjar da ta wanke ƙuli fa? Gaskiya ce, amma rabin gaskiya. A turmin mai ƙuli, gyaɗa da manta ne masu yawa, ruwa ɗan kaɗan ne. Wannan ɗan ruwan yana sa ƙwayoyin su manne wa junansu, su dunƙule, su matso man waje. A ƙwaryar Gwaggo an juya lissafin. Ruwa ne ya riga zuwa, kuma da yawa, garin ya sha ya baje a cikinsa. Mai ya zo daga baya, kaɗan-kaɗan, ya tarar da masu tare shi a ko'ina. Abu ɗaya, hali ɗaya, sakamako biyu. Abin da ya bambanta su shi ne wa ya riga wa, da kuma wa ya fi yawa. A gwajina ƙulin tsaki-tsaki ne, busasshe, aka kwarara mai gaba ɗaya a kansa. Bai samu laushin da zai yi aiki ba, bai samu lokacin da zai jiƙa ba.

Wannan shi ne aikin da mastad ke yi a haɗin salak na Faransawa, shi ne kuma aikin da niƙaƙƙen riɗi ke yi idan mutanen Labanan da Masar suka kaɗa shi da lemun tsami. Kowace ƙasa ta nemo ƙwayar da ke shiga tsakanin mai da tsami. Tamu gyaɗa ce. Na gaya wa Gwaggo haka. Ta ce ita ba ta san Faransa ba, ga uwarta tag gani, ita ma ga tata uwar.

Idan kana so ka gwada, ga ma'auni. Soɓorodo busasshe cikin tafin hannu, a ɗauraye shi don ƙasa. Dabino shida, a cire ƙwallo. Ruwa kofi biyu. A ɗora a wuta marar ƙarfi, a tukunyar ƙasa ko ta tangaran, har ya rage kamar rabin kofi, a tace a matse. Garin ƙuli mai laushi cokali huɗu, a dama da ruwan tun da ɗuminsa, a sa gishiri da barkono, a rufe na minti 10. Man gyaɗa cokali huɗu zuwa biyar, a ɗiga ana burgawa, kada a ƙara sai na farko ya ɓace. Idan ya yi kauri da yawa, a tsinka da ɗan ruwa. Idan mai ya taso, an yi gaggawa ne: a dama sabon garin ƙuli cokali ɗaya da ruwa a wani kwano, a riƙa zuba wanda ya rabun a kai a hankali ana burgawa, zai dawo. Latas da kabeji a wanke su sosai da ruwa mai tsabta, a tsane su, don jiƙaƙƙen ganye ba ya riƙe haɗi. Kada a zuba sai za a ci, gishiri da tsami na kwantar da ɗanyen ganye. A zafin bazara kuma, abin da aka haɗa yau a cinye shi yau. Wanda ke Jos da hunturu ya markaɗa sitiroberi ya ƙara a ciki, ba za su yi faɗa da soɓorodo ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Yana hannun mata irin Gwaggo, a garuruwan da a yau mutane ke barin gidajensu saboda tsoro, iyali na rarrabuwa, jika na tashi nesa da kakarta. Duk wadda ta tafi ba a zauna kusa da turminta ba, ta tafi da wani abu da ba za a same shi a waya ba. Idan kana da irinta a gida, kada ka tambaye ta me ta sa. Za ta lissafa maka kaya, kuma kayan ba su ne sirrin ba. Ka nemi kujera, ka zauna, ka ga me ta fara ɗauka, me ta jinkirta.

Ni ma zaman bai ƙare mini ba. Zogalen da ke cikin datun nan dafaffe ne, ya yi laushi, ba shi da ɗaci, amma kore ne shar kamar yanzu aka tsinko shi. Na kowa yana dafewa ya yi duhu. Na tambayi jikar ko kanwa ake sawa. Ta dubi ƙofar madafi, ta dube ni, ta ce, "Kawu, wanga karon ba ni faɗi."